Goggo Mai-Roba, Wadda Ta Hana Iyayenmu Zama

Kafin rana ta haura katangar asibitin unguwa, Goggo Mai-Roba ta riga ta share rumfar baya, ta jera kujerun ƙarfe a jikin bango, ta rataye robobinta a ƙusa. Robobin tsofaffin tiyub ne na tayar keke. Mai faci ke tara mata, ita kuma ta yanka su dogo-dogo, ta wanke, ta shanya. Akwai mai laushi ta sabon shiga, akwai mai tauri ta wanda ya fara jin kansa. A gefe ga galan-galan cike da yashi. Haka muka taso muka gan ta. In za mu makaranta mukan leƙa ta tsagar katanga, mu yi ta dariyar tsofaffi suna jan roba suna nishi, ita kuma tana tafa musu: "Samarina, 'yan matana, saura kaɗan!"

Ma'aikaciya ce a sashen gashin ƙashi, kuma ba wanda ya sa ta wannan aiki. Abin da ta gani ne ya hana ta sukuni. A sallami tsoho yana takawa da ƙafarsa, a dawo da shi bayan wani lokaci a riƙe, ba don wata sabuwar cuta ba. Ta bi sawu har gidaje, sai ta tarar da mu. Mu ne masu "Baba zauna", mu ne masu "Inna kawo in ɗauka". Tsoho ya miƙa hannu zai ɗauki buta, mun fizge. Tsohuwa ta sunkuya za ta ɗauki tsintsiya, mun yi ca a kanta. Muna kiran wannan ladabi, alhali kujera muke ciyarwa da naman iyayenmu, kuma muna alfahari da hakan!

Mutanen layin kasuwa ba za su manta da zancen Tsohon Tela ba. Da ya yi jinya ya tashi, babbar 'yarsa ta lulluɓe kekensa na ɗinki da zane, ta ce ya isa haka. Ɗansa da ke aiki a nesa ya aiko da gwangwanin garin amino, irin sinadarin nan da ake sha don gina tsoka. Tela ya dama ya sha, ya koma ya zauna, kullum haka, har tashi daga kujera ya koma sai an ba shi hannu. Sai 'ya'yan suka yanke shawarar a kyautar da keken, a sa gado a wurinsa. Keken da ya ciyar da su duka.

Da labari ya iso wa Goggo, ta ɗauki roba mai laushi ta nufi gidan.

"Yaya Tela, an ce ka zama ango, sai ci sai kwanciya."

"Ke dai bari, Mai-Roba. Ƙafar ce ta yi min yaji. Ga maganin ƙarfi ina sha, har yau ban ga ƙarfin ba."

Ta juya gwangwanin a hannunta, ta tambayi 'yar ko likita ya duba ƙodarsa kafin ya fara sha. Aka ce ya duba, lafiya lau. "To ci gaba da sha, ba laifinsa ba ne. Amma kai tela ne. In an jibge maka yadi ba ka taka keke ba, riga za ta ɗinka kanta? Wannan yadi ne, haka ƙwai da wake da kifi. Takawar ita ce babu."

'Yar ta ce, "Goggo, in ya faɗi fa? Duniya zagina za ta yi."

"'Yata, ina riƙe da kujerar. Ki ba ni shi zuwa ƙarshen damina. In bai taka ba, ni zan kira mai ɗaukar keken."

Ranar farko a rumfar Goggo sau ɗaya ya tashi daga kujera, ya ce a kai shi gida. Tsohon Direba, abokin tsokanarsa, ya ce, "Injin ya buga, a sayar da shi kilo!" Haushin wannan magana ya dawo da Tela washegari. Goggo ba ta taɓa neman ya ɗaga abu mai nauyi don burgewa ba. Juriya take nema: a ja, a saki a hankali, a maimaita, a huta kwana guda, a dawo. Ranar da ya yi fushi ya ƙi zuwa, ita ta je. Ruwa bai ɗauke ba sai da maƙwabta suka ji ƙarar da suka daɗe ba su ji ba, kacau-kacau daga ɗakin Tela tun hantsi har azahar. 'Yarsa ta tsaya a bakin ƙofa da zanen lulluɓin a hannu.

Goggo, ke ce kika mayar wa iyayenmu da tashi da zama ba sai sun kira kowa ba. Ke ce kika san cewa dattijo ya fi son ya kai kansa banɗaki da a yi masa gaisuwa dubu. Ba a taɓa kiranki taro an ba ki lambar yabo ba, mu da muka yi karatu muna ta surutun kula da tsofaffi, ko galan ɗaya ba mu cika da yashi ba.

Makon jiya ta yi ritaya. Tela ya ɗinka mata jakar robobi da ƙafarsa, ta cusa su ciki har da galan guda. Ta raba wa tsofaffin sauran, ta ce rumfa ba za ta mutu ba sai ranar da suka daina zuwa. Mun gode, Goggo, Allah Ya saka miki da ƙafafu masu ɗaukarki har ƙarshe. Mu kuma da muka rage, rumfa na jiran mai sharewa, kuma gobe in mahaifinka ya miƙa hannu ga buta, ka riƙe naka hannun.

Ranar ritayar, da Goggo ta tashi tafiya, ɗanta ya rugo zai karɓi jakar: "Mama, kawo." Tsofaffin rumfa gaba ɗaya suka ɗaga murya, Tela a gaba:

"Kai, bar ta ta ɗauka!"