Bangon Gabas na Makarantar Malam Tasi'u

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Malam Tasi'u makwancinsa a ƙauyensu da ke kusa da Gafasa, amma har yau in bazara ta kama sai in ji kamar zai tsaya da tsohon babur ɗinsa a bakin rumfata a kasuwar Gaya, yana tambayar ko bawansa ya farka. Taubashina ne. Mahaifinsa da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito, shi ɗan namiji, ni ɗan mace, don haka bai taɓa kirana da sunana ba sai dai bawa, ni kuma ban taɓa raga masa ba. Malamin firamare ne. Da ya yi ritaya sai dattawan gari suka ba shi fili, ya ƙudiri gina Islamiyya mai aji uku, yara da safe, matan aure da yamma.

Kowa ya ɗauka bulo zai buga ya ɗora kwano, don shi ake yayi. Sai ya ce shi da ƙasa zai yi gininsa. Ba wai ya ƙi siminti ba ne. Ya sa an ja harsashi da dutse da siminti har gwiwa, don kada laima ta ci gindin gini. Daga nan zuwa sama tubalin ƙasa ne, bango mai kauri, aka shimfiɗa azarar giginya aka zuba ƙasa, sannan aka ɗora kwano a can sama ya zarce bango kamar malafa. Ya ce ya gaji da koyarwa a ajin da yara ke narkewa tun hantsi, ba abin da ke shiga kansu sai zufa. Ya kuma ce abin da ya lalace a ginin ƙasa mutanen gari za su gyara da hannunsu, ba sai sun jira mota daga birni ba.

Ni kuwa na samu abin yi. Duk inda muka haɗu sai in ce masa in ya gama rumbun ya gaya min in kawo gerona ajiya. Sai ya yi dariya ya ce madalla, shi dai bai taɓa jin hatsi ya yi kukan zafi a rumbu ba.

Ginin ƙasa yana da sharaɗinsa: kowace shekara sai an yi masa yaɓe kafin ruwa ya sauka. Tasi'u ya mayar da wannan gayya. Matan da ke karatu a wurin, in sun cire gari da kalwa daga ɗorawa, ba sa zubar da ɓawon. Shi ake jiƙawa ya fitar da makuba, ruwan nan mai duhu da ake kwaɓa ƙasa da shi don ruwan sama ya zame daga bango. Maza su cuɗa ƙasa da ƙafa, a yi yaɓe, a ci tuwo, a watse.

Da ciwo ya kwantar da shi na je duba shi. Ya rame, amma bakin na nan. Ya kama hannuna ya ce, "Bawa, kada ku bari a lulluɓe min bango da siminti. Ƙasa tana son ta sha iska." Bai ƙara sati ba.

Bayan rasuwarsa gayyar ta fara sanyi. Samari sun tafi cirani, dattawa sun gaji. Sai wani ɗan garin da Allah ya buɗa wa a birni ya kawo buhunan siminti, da zuciya ɗaya, ya ce a shafe ginin a huta da yaɓen shekara-shekara. Kwamitin makaranta ya yi godiya. Aka fara da bangon gabas, tunda daga nan ruwa ke dukan gini. Kafin a taɓa sauran, matar marigayin, Malama Rakiya, wadda ke koyar da matan aure, ta aika ta ce a tsaya, ba da yawunta ba. Labari bai iso ni ba sai da siminti ya bushe. Raina ya ɓaci ƙwarai, na hau babur na je na faɗi abin da na faɗa, har aka ce na cika zafin kai.

Damina biyu bangon yana ƙyalli, ana nuna shi ga baƙi. Ashe siminti ba ya kama jikin ƙasa. Ya ɗan tsage daga sama, ruwa ya riƙa shiga ta baya, ba hanyar fita, ba iskar da za ta busar da shi. A damina ta uku, wata Juma'a da ba karatu, bangon ya zube gaba ɗaya. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki. Amma iyaye suka tsorata, suka kwashe 'ya'yansu. Kwamiti ya zauna, shugabansa Alhaji Mamuda ya ce ginin ƙasa ya nuna halinsa, a rushe sauran, a jira a samu halin yin na bulo. Kowa a wurin ya san ma'anar wannan jira. In yara suka watse shekara biyu ko uku, makarantar Tasi'u ta mutu ke nan.

Malama Rakiya ba mai yawan magana ba ce a gaban maza. Ranar daga bayan ƙofar zaure ta yi magana. Ta ce, "Alhaji, ku tashi ku je ku taɓa bangon da aka bari yadda Malam ya bar shi. In kun ga tsaga ko ɗaya, ku rushe. In ba ku gani ba, ku ba ni rani ɗaya." Aka je aka duba. Ba tsaga.

Abin da ya biyo baya shi ne na fi son tunawa. Ɗalibanta suka bi gida-gida. Waɗanda aure ya kai Kademi suka turo mazajensu, tsofaffin ɗalibai da ke Gaya suka ciko adaidaita sahu. Ba a sayi ƙasa ba, ba a ma haƙo sabuwa da yawa ba. Ƙasar bangon da ya zube ita aka jiƙa, aka zuba mata ciyawa, aka bar ta ta ruɓa, aka sake cura tubali da ita. Ɓaraguzan siminti kaɗai aka kwashe aka cike ramin hanya. Mai simintin nan da kansa ya zo, ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando ya shiga kwaɓi, kuma ba wanda ya goranta masa. Daminar da ta biyo ta zo da ƙarfi, har gine-gine suka faɗi a garuruwan da ke kewaye. Bangon gabas ko gezau. Kafin a yanke gero azuzuwa sun sake cika.

Nakan tambayi kaina me Tasi'u zai ce da ya ga yau. Siminti ya yi tsadar da talaka sai dai ya kalle shi. Zafin bazara ya ƙaru, ni kaina da nake cikin gidan bulo sai in fito da tabarma tsakar gida. A rediyo ina jin masana gini suna yaba bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji. Na tabbata da zai je ya gani da idonsa, ya tambayi yadda ake yi, don shi ba maƙiyin sabon abu ba ne, sannan ya biyo ta rumfata ya hana ni sakat. Abin da zai dame shi na san shi: giginya da ɗorawa ana sarewa ba a dasawa. Ko a nan ma Malama Rakiya ba ta yi barci ba, ta sa an kewaye makarantar da dashen ɗorawa.

Bana ɗalibai sun yi wa aji uku yawa, aka kira taro kan gina na huɗu. Na je da shirin faɗa, har na tanadi maganganu a hanya. Ban samu damar buɗe baki ba. Alhaji Mamuda, wanda tsufa ya kama yanzu, ya dogara sanda ya miƙe ya ce, "Yadda Malam ya yi, haka za mu yi. Sai a sa ranar gayya." Ba wanda ya musa. Na sunkuyar da kai hawaye na zuba, na farin ciki da na kewar mutumina.

Tasi'u bai bar gonaki masu yawa ba, bai bar gidan bene ba. Ya bar gari guda da ya iya gina makarantarsa, ya kuma iya tayar da ita in ta faɗi. Yanzu haka tubalan sabon aji suna jere a rana suna bushewa. Allah ya gafarta masa, ya sanyaya masa kabarinsa yadda ya sanyaya wa 'ya'yan mutane wurin karatunsu.