Akwatin Hamanishi

A shekarar 1951 Orville Haugen ya fara haɗuwa da Tatsuo Hamanishi, a gaɓar da masunta ke ɗinkin taru, kusa da inda kogin Fraser ya faɗa teku. Shekara biyu ke nan da aka bar 'yan asalin Japan su komo, bayan gwamnati ta kwashe su daga gaɓar lokacin yaƙin duniya na biyu, ta yi gwanjon kayansu. Shekara talatin da bakwai suka yi suna ɗinki a benci ɗaya.

"Kai Orville, wannan ɗinki ne ko ƙofa ka buɗe wa kifi?" in ji Tatsuo.

"Rufe mana baki, tsoho. Kai da za ka kama uku ka ce talatin!"

Da aka mai da tsohuwar masana'antar kifin gwangwani gidan tarihi, Orville ya karɓi shara da rubuta katin kowane kaya, don hannunsa na da kyau. Ya kuma kawo akwatin kayan ɗinkin taru da ya gada daga mahaifinsa Nils, ya rubuta: Kyautar iyalin Haugen. Akwai wata alama da aka ƙona a cikin murfin. Shi duk zatonsa ta kafinta ce.

Ranar buɗewa Tatsuo ya daɗe tsaye a gaban akwatin, yana kallon alamar nan. Masuntan Japan kowa da alamar gidansu, da ita suke shaida kayansu.

"Na babana ne," ya ce a hankali. Ya sa hularsa ya fita.

Bai sake zama a bencin ba. Danginsa ma suka daina zuwa gidan tarihin. Orville ya kai maganar gaban kwamitin gidan tarihin, aka ce a bar abin da ya wuce. Shi kuwa har ga Allah ya ji sanyi a ransa, domin gyara katin na nufin ya rubuta da hannunsa abin da mahaifinsa ya yi. Kullum sai ya ce gobe. Idan ya hango Tatsuo a kan hanya, sai ya sunkuyar da kai.

Cikin watan Maris na 1992 Tatsuo ya rasu. Orville ya je jana'iza, ya tsaya can baya.

Ranar Litinin, da yake ba a buɗewa, ya shiga gidan tarihin da mabuɗinsa. Bai nemi izinin kowa ba. Ya cire katin, ya sa wani: Akwatin Kichiro Hamanishi, masunci. An ƙwace shi a 1942. Nils Haugen ya saya a gwanjo, ya kuwa san na maƙwabcinsa ne.

Bayan mako uku Fumiko, matar marigayin, ta zo da ƙannenta biyu. Ta sa tabarau, ta karanta katin sau biyu, ta tambayi mai tsaron ƙofa wa ya rubuta. Orville na ɗakin ajiya riƙe da tsintsiya, yana jin muryarta. Bai fito ba.