Jarka Mai Lamba Ɗaya

Har yau ban manta da Asabar ɗin da aka buɗe jarka mai lamba ɗaya a filin wata makaranta a Jimeta ba. Ku matasan da ke aikin duba-gari yanzu kun sha roƙona in rubuta muku wani abu daga shekarun da na yi a sashen, ina ta ƙi. Watan jiya muka binne Dada Saratu. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Lokacin ina shekarata ta goma sha ɗaya a aiki, mataimakin jami'i ne ni, mataki na shida. Ga wanda bai san aikin ba, duba-gari shi ne mai zagaya unguwanni yana duba tsabtar gidajen abinci, mahauta, rijiyoyi da makewayi. Ni gidajen burkutu aka ba ni, domin ni Kirista ne daga kudancin jihar, ina sha daidai gwargwado, abokan aikina Musulmi kuwa ba sa son shiga can. Aikina in duba ruwan da ake dafawa da shi, in leƙa tukwane da ƙore, in ga inda ake zubar da dusa, sannan in cika fom. Idan gida ya gaza, babban jami'i ya sa hannu, ni ma in sa nawa, a rufe gidan.

Gidan Dada Saratu bai taɓa gazawa ba. 'Yar garinmu ce, ta haura shekara sittin a lokacin. Da matata Rahila ta rasu, ita ta kwashe 'ya'yana biyu ta riƙe su wata uku, ko godiya ta hana ni yi. Ɗana take ce mini, ko ina cikin kakin aiki.

Ita ta koya mini cewa burkutu abu ne mai rai. Ana jiƙa jar dawa, a shimfiɗa ta har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar ta ta kwana ta yi ɗan tsami, a sake dafawa, a tace, sannan a zuba mata ragowar giyar baya don ta tashi. Daga nan yini guda gare ta, da ƙyar ta kai ɗaya da rabi. Za ka gan ta tana tafasa a tukunya ba wuta a ƙarƙashi. Wanda ya iya sha, kafin ya kai baki sai ya kara kunne ya ji ƙarar kumfa, ya shinshina ya ji hayaƙin itace, sannan ya kurɓa kaɗan ya riƙe. Zaƙi ke fara zuwa, tsami ya biyo shi a hankali, kaurin dawa ya zauna a bayan harshe. Kuma ƙa'ida ce mai giya ta fara sha a gabanka kafin ta miƙo maka ƙwarya.

Duk shekara bayan an gama girbi, ƙungiyoyin garuruwanmu da ke Jimeta suna yin biki na yini ɗaya. Ana rawa, ana cin abinci, amma abin da mutane ke jira shi ne gasar masu burkutu. Kowace mace ta zauna bayan tukunyarta, dattawa uku su bi layi suna ɗanɗanawa. Wadda ta ci, sunanta zai zaga Jimeta da Yola har shekara ta zagayo. Dada ta ci sau da yawa.

A waccan shekarar kwamiti ya gayyato wani babban mutum daga Yola, sai suka so a yi abu na zamani. Suka nemi shawarar babban jami'inmu, Mista Danjuma. Bai daɗe da dawowa daga wani kwas ba, kuma shi giyar kwalba yake sha, burkutu a wurinsa abin ƙauyawa ne. Ranar Alhamis ya kira ni ofis ya ce ba za a jera wa babban baƙo tukwane da ƙudaje ba. Gobe Juma'a da rana in bi gidajen mata bakwai da suka shiga gasar, in ɗebo giyar kowacce a jarka sabuwa, in ɗaure bakin da kyau, in rubuta lamba, a ajiye a sitonmu. Ranar biki alƙalai su sha a kofin gilashi ba tare da sun san ta wace ce ba.

Na ce masa, ranka ya daɗe, wannan giyar ba a rufe ta, kuma ba ta kwana. Ya tambaye ni wa ya je kwas, ni ko shi. Daga nan ya buɗe aljihun tebur ya nuna mini takardar ƙarin girmana zuwa mataki na bakwai, wadda take jiran sa hannunsa, ya mayar ya rufe.

Da Malam Buba, direban sashenmu, muka zagaya. Bafulatanin Yola ne, ko ƙofar gidan giya bai taɓa taka ba, a mota yake jirana. Matan duk sun yi gunaguni, domin sai da suka gaggauta giyarsu ta tashi kafin lokacin da suka shirya. Gidan Dada muka fara zuwa don ita ce babba, shi ya sa ta zama lamba ɗaya. Ta ɗebo a ƙwarya, ta sha, ta miƙo mini. Ban taɓa shan wadda ta kai ta ranar ba, kafin nan ko bayan nan. Da ta ga ina murɗa murfin jarka sai ta riƙe hannuna ta ce in bar mata ɗan wurin numfashi. Na ce umarni ne. Ta dube ni ta saki hannun.

Da muke sauke jarkokin a sito mai rufin kwano, Malam Buba ya girgiza kai ya ce, "Bitrus, ni ban san abinku ba. Amma ko kunun zaƙi matata ba ta toshe masa baki ta ajiye a zafi." Na ce masa ya je ya gaya wa Oga. Ya ce shi direba ne.

Ranar Asabar da misalin ƙarfe ɗaya na rana aka jera jarkokin a tebur mai farin ƙyalle. Duk sun kumbura kamar cikin akuya, ina gani, Mista Danjuma ma yana gani. Matan bakwai suna zaune a benci can gefe, hannu ba komai. Mai sanarwa ya roƙi babban baƙo ya buɗe ta farko da hannunsa. Yana murɗawa murfin ya yi tsalle, giya ta feso masa daga hula har takalmi, farar babbar rigarsa ta koma ja. Wari kamar na ruwan tsami ya cika rumfar. Wasu suka yi dariya.

Abin da Mista Danjuma ya yi a nan shi ne abin da ban yafe ba. Ya karɓe lasifika ya ce wannan ne amfanin tsarin da ya kawo, ga shi an kama gurɓatacciyar giya kafin ta shiga cikin mutane. Ya ce giya mai kyau ba ta fashewa, dole an sa wa wannan wani abu. Ya dakatar da gasar, ya sa aka mayar da sauran jarkoki shida mota ba a buɗe ko ɗaya ba. Sannan ya tambaya a lasifika, wace ce lamba ɗaya.

Dada ta tashi ta taho a hankali. Ba ta kalli babban baƙo ba. Ta ciro ƙwaryarta daga cikin zane, ta tsiyayi abin da ya rage a jarkar, ta shanye duka a gaban kowa, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Ta goge baki ta ce, "Babu komai a ciki. Kashe ta aka yi." Sai ta juyo wurina. "Ɗana, kai ka sha jiya daga tukunya. Faɗa masu."

Lasifikar tana hannun Oga, taku biyu tsakanina da ita. Na dube shi, ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina gyara takardun da ke hannuna. Dada ta jira ni. Na san ta jira, domin ina ganin ƙafafunta ba su motsa ba. Can ta mayar da ƙwaryarta cikin zane ta fita daga filin.

Ranar Litinin da safe na shiga sito na buɗe sauran shidan. Duk sun feso, duk warinsu ɗaya da ta Dada. Na kira Mista Danjuma ya zo ya gani. Ya leƙo daga bakin ƙofa, ya ce a zubar a wanke jarkokin, na gwamnati ne. Sannan ya miƙo mini fom ɗin rufe gidan Dada na wata uku, ya riga ya sa hannunsa. Na sa nawa. Kafin ƙarshen wata takardar mataki na bakwai ta fito.

Wata uku ba komai ba ne. Maganar lasifika ce ta kashe gidan. Cikin mako guda an ce magani take sa wa giya don ta riƙe maza, an ce da ruwan kwata take dafawa, an ce wani ya mutu a gidanta, alhali ko ciwon ciki babu wanda ya taɓa yi. Mutanen da suka shekara ashirin suna zama a bencinta, suna yabon hannunta, su ne suka fi kowa yaɗawa. Da aka buɗe gidan ta dafa sau biyu, ta zubar sau biyu. Daga nan ta kife tukwanenta a bayan ɗaki, ta koma saro alayyahu da yakuwa a bakin tafkin Njuwa tana kasawa a kasuwa.

Ba ta taɓa zagina ba, ba ta kai ƙarata wurin dattawan garinmu ba. In mun haɗu a coci takan tambayi lafiyar yara da sunayensu. Amma daga ranar ba ta ƙara ce mini ɗana ba. "Sannu, Oga duba-gari," haka take gaishe ni, har ta mutu.

Bayan shekara biyu aka yi wa Mista Danjuma canjin wurin aiki. Sai a lokacin na rubuta rahoto shafi uku na faɗi gaskiya duka, har da jarkoki shida. Yana nan cikin fayil, wanda ya so ya nema. Na kai wa Dada kwafi na karanta mata. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye ni ko za a karanta shi a lasifika. Na ce a'a. Ta ci gaba da ɗaure alayyahunta.

Ranar jana'iza na zagaya bayan ɗakin. Tukwanen suna nan a kife, kaji na kwana a tsakaninsu. 'Yarta ta ce mini Dada ba ta yarda ta koya wa kowa a cikin 'ya'yanta dafa giyar ba.

To ga abin da zan bar muku. Kada ku yanke hukunci a kan abin da kuka raba da tukunyarsa, kuma kada ku bar wanda ya raina sana'a ya tsara yadda za a gwada ta. Masu sana'ar nan sun fi mu sanin abinsu, mu fom kawai muke riƙe da shi. In babba ya yi kuskure ya nemi ƙaramin da zai ɗora wa, hannu biyu fom ɗin yake buƙata, nasa da naku. Gaskiyar da za ta yi amfani kuwa ita ce wadda aka faɗa a wurin, mutumin yana tsaye yana jira. Tawa ta zo bayan shekara biyu, ta tarar an riga an kife tukwane.