Tafiyar Yayata a Majigi

Da hannuna aka ci mutuncin yayata a gaban mutanen Wudil, kuma har yau ban yafe wa waɗanda suka sa ni ba. Kaina ma ban yafe masa ba. Tunda yanzu na iya riƙe alƙalami zan faɗi yadda aka yi, mai jin haushi ya ji.

Lokacin ina bazawara, ginin tukwane ne sana'ata. Yumɓun da ya ragu nakan mulmula shanu da 'yan tsana, a haɗa da tukwanen a kai kasuwar Juma'a. A can wani tafinta ɗan birni mai jar dara ya gan su, ya biyo sawu har gida. Ya ce Baturen majigi ya sauka a bariki, zai yi hoton da zai koya wa mutane guje wa kurkunu, tsutsar nan da ake sha a ruwan kududdufi ta ɓullo a ƙafa. Da 'yan tsana yake so ya yi, kuma ya rasa mai hannu.

Kawunansu na gina na gasa. Jikin kuwa waya ce aka naɗe da auduga, don gwiwa da gwiwar hannu su lanƙwasu. Aka kafa ƙauye a kan tebur, bukkoki na kara, kududdufi na fasasshen madubi. Aikin shi ne ka matsa 'yar tsana faɗin ƙwayar gero, ka janye hannunka, Bature ya danna na'urarsa, ƙyas. Ka sake matsawa, ya sake dannawa. Daga hantsi zuwa la'asar da ƙyar take kaiwa daga bukka zuwa bakin ruwa. Tafinta ya ce in an jera hotunan aka sake su da gudu, za ta yi tafiya kamar mai rai.

Ranar farko Baturen ne ya matsa ta da kansa. Yana buɗe mata ƙafafu yana rufewa kamar almakashi. Na yi dariya har ya tambayi dalili. Na ce a gaya masa mai ciwon ƙafa da ƙugu take ɗingishi, kuma in da tulu a kanta, kan ba ya motsi ko jikin zai karye. Ya dube ni, ya matsa gefe, ya ba ni wurin. Ya kuma ba ni wata takarda mai zane-zanen abin da 'yar tsanar za ta yi, da rubutu a ƙarƙashin kowane zane. Na tambayi tafinta me rubutun yake cewa. Ya ce in bi zanen kawai, rubutu ba nawa ba ne.

To ni ina da inda zan koyi ɗingishi. Yayata, wadda ta raine ni bayan rasuwar innarmu, tana aure a Dagumawa, fura take sayarwa a bakin hanya. Daminar nan kurkunu ya kama ta a idon sawu. Rijiyar unguwarsu ta rufta, duk daga kududdufi ɗaya suke sha. Nakan je in zauna in naɗe mata tsutsar a tsinke, kullum ɗan kaɗan, don in ka ja da ƙarfi ta tsinke ƙafa ta rube. Ina naɗewa ina kallonta. In ta tashi ɗebo ruwa in bi ta a baya. Yaya mace ce mai ɓoye ciwo. In ta yi taku uku zafin ya soke ta, sai ta tsaya, ta dafa ƙugu, ta waiwaya kamar wani ya kira ta, don kada a ce ta kasa. Wata rana ta ce, “Auta, kallon me kike min kamar kin ga baƙuwa?” Na ce ba komai.

Duk wannan na kwashe na zuba wa 'yar tsana. Taku uku, tsayawa, dafa ƙugu, waiwaye. Waiwayen kaɗai ya ci wuni guda. Na ɗaura mata tsinke da farin zare a idon sawu. Zanen da na ɗaura mata ma ƙyallen zanen Yaya ne, saƙi mai jan gefe, don shi ne a hannuna. Baturen ya yi ta jinjina kai. Ni kuwa kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Suka tafi, sai bayan kaka motar majigi ta dawo. Da ƙafata na je Dagumawa na ɗauko Yaya, na ce ta zo ta ga aikin ƙanwarta. Ciwon ya warke amma ɗingishin ya zauna. Bayan magariba aka kafa farin ƙyalle a fili, maza a gaba, mu mata a baya. Da 'yar tsanar ta fito daga bukka da tulu a ka, fili ya ɗauki salati. Ta yi taku uku, ta tsaya, ta waiwaya. Wata mata 'yar Dagumawa a bayanmu ta ce wallahi mai fura ce. Magana ta bi layi kamar wutar kara.

Sai tafinta ya buɗe baki a lasifika. Ya ce ku dubi Ƙazama, jahilar da take tsoma rubabbiyar ƙafarta a ruwan da jama'a ke sha, ta raba wa ƙauye cuta. Ya yi ta maimaita sunan yana ƙara masa gishiri, maza na ƙyaƙyatawa. Matan da 'ya'yansu ke kwance da kurkunu ba su yi dariya ba. Juyowa suka yi suna duban Yaya. Daga ranar ba wanda ya ƙara shan furarta, sunan kuma ya bi ta har kabari.

Ba ta yi kuka ba. Ta gyara mayafi ta ce, “Auta, ashe da kike naɗe min tsutsar nan, auna ni kike yi.” Ta tashi ta keta taron. Na ƙirga takunta, don na saba. Ta wuce uku, ta wuce goma, ba ta tsaya ba, ba ta waiwaya ba.

Da aka tashi na tare tafinta a gindin mota, na zage shi tas, har uwa har uba. Ya bari na gama, sannan ya ce, “Baiwar Allah, ai sunan yana rubuce a takardar da ke hannunki tun ranar farko.”

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Wata da watanni ina kwana da zagin yayata a ƙarƙashin tabarmata, ina lallaɓa shi kada gara ta ci.

Da gari ya waye na ciro takardar, na nufi Sabon Gari, gindin tsamiyar da ake ajin yaƙi da jahilci. Magidanta ne zalla a zaune da allunansu. Malamin ya ce ba a buɗe na mata ba tukuna, in je in dawo. Na ce ban zo neman izini ba. Na zauna a ƙasa a gabansa, na shimfiɗa takardar, na ɗora yatsa a kan kalmar da ke ƙarƙashin zanen farko. Na ce da wannan za mu fara.