Kwatarnin Baffa Mai Ƙishi

Shekarar da na fara koyar da lissafi a makarantar ƙauyenmu, kusa da garin Suki, Inna ta shuka kuɓewa a 'yar gonar da Baba ya bar mata bakin kogi. Ita kaɗai ta yi noma, ta yi ban-ruwa. Gonar ƙanen Baba ce ke maƙwabtaka da tamu, kuma a kan iyaka ya kafa turken sansa.

Wata safiya muka tarar da rabin kuɓewar babu. San ya cinye ta, ya bar wani yanki mai lanƙwasa kamar jinjirin wata. Inna ta zauna a ƙasa, ba ta yi kuka ba, sai tsintar karyayyun rassa take yi tana tarawa a zane.

Kafin shehun gari ya iso da dattawa, Baffa ya riga ya rage igiyar san. Ya ja ta a gabansu, ba ta ko kai iyaka ba.

Na ce, "Baffa, duba ƙasa. Igiya ta share da'ira, ga sawun kofato a bakinta. Daga turke zuwa nan ya fi wannan igiyar tsawo."

Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. "Ustaza, nan ba aji ba ne. Ɗiya mace ta yi boko, yau har ƙasa ke yi mata magana!"

Dattawa suka yi dariya tare da shi. Aka ce awakin makiyaya ne, kalas, magana ta ƙare, a yi haƙuri. Wannan shekarar miyarmu ta kuɓewa daga hannun maƙwabta ta fito. Inna ta ce ta yafe. Ni ban yafe ba. Ina gaishe shi, ina durƙusawa, amma dariyar nan tana zaune a ƙirjina.

Da rani ya zagayo, shanunsa suka ƙaru. Yana da kwatarnin siminti mai zagaye a ƙofar gida, inda suke shan ruwa, shi da kansa yake cika shi da amalanken jaki daga tur'a, wato magudanar ruwan gonaki. Ya ce zai gina sabo mai cin ninki biyu. Na iske shi da magini suna zana da'irar a ƙasa, da turke da igiya. Ya auna faɗin tsohon, ya ninka. Zurfin kuwa ya ce a bar shi yadda yake.

Murna ta kama ni. Idan aka ninka faɗin da'ira, bakinta ninki biyu yake yi, amma cikinta ninki huɗu. Abin da nake koya wa 'yan aji ke nan a wannan makon.

Ya hango ni. "Ɗiyata, zo ki gani. Ninki biyu, ko ba haka ba?"

Na ce, "Bulon da za ka saya ninki biyu ne, Baffa."

Ban yi ƙarya ba. Ya sayo bulo ninki biyu, ya kuwa zagaye katangar cif. Ya yi ta cika baki a rumfar shayi cewa lissafinsa a ka yake, ya kuma rantse kafin azahar zai cika kwatarnin da kansa, kowa ya zo ya gani.

Da ranar ta zo, na ɗauko tabarma na shimfiɗa a inuwar dalbejiya, na zauna da gyaɗata. Ya je tur'a, ya dawo, ya juye. Ya koma. Lokacin da ya kai adadin da yake tsammani, ruwa rabi ya tsaya. Ya leƙa ciki, ya leƙa gindin katanga yana neman yoyo. Rana ta take. Jakin ya fara turjiya, har ya kwanta a tsakiyar hanya, Baffa yana jan kunnensa, jallabiya ta manne masa a baya. Dattawan da suka yi dariya a gonarmu suna tsaye, wannan karon shi suke yi wa.

Inna ta zo ta tsaya kaina. "Kin san dalili?"

Na ce, "Na sani."

"Ki tashi ki gaya masa, ƙanen ubanki ne."

Na ce, "Bai tambaye ni ba, Inna." Ta dube ni, ta juya, amma na ga ta rufe bakinta da gefen mayafi tana ɓoye dariya.

Washegari ya sa magini ya sake shafe ciki da siminti. Da bai canza ba, ya ce aljanu ne ke sha, ya sa aka yi tofi a ruwan. Daga ƙarshe ya daina ƙoƙarin cikawa, yana zuba rabi ya bari. 'Yan maruƙa ba sa kai baki ga ruwan, sai ya riƙa ɗebo musu a bokiti. Mutanen gari suka sa wa kwatarnin suna Mai Ƙishi.

Hanyar makaranta ta ƙofar gidansa ta bi. Kullum in na zo wucewa sai na durƙusa da ladabi in ce, "Ina kwana, Baffa? Ya cika?"