Maman Tobi da Yarinyar da Ta Fita Neman Wanta

Sunanta Oluwatoyin, amma duk unguwar Muchia da Maman Tobi aka san ta. A Sabon Gari aka haife ta. Ubanta ma'aikacin reluwe ne da ya zo daga kudu bai koma ba, shi ya sa in tana Hausa daga bayan labule sai ka rantse Bazazzagiya ce. Tela ce, shagonta bai wuce keke ɗaya da benci ba. Halinta kuwa kowa ya sani: tambaya. Ba ta sa almakashi a yadi sai ta ji wa zai sa, ina za shi, wa zai tarar a can.

A shekarar 2003 wata ɗalibar jami'a mai suna Naila ta zo daga Samaru da ƙunshin yadi. Ta ce wasan kwaikwayo za su yi, kuma daga wani littafin hikaya suka ɗauko shi. Riga take so ta yarinyar ƙauye.

"Wace yarinya?" in ji Maman Tobi. "Ƙauyen ina? Tana da uwa?"

"Mama, ai ƙage ne, babu ita."

"To wadda babu ita zan auna?"

Naila ta yi dariya, ta zaro littafin daga jaka ta bar mata.

Rabon Maman Tobi da karatun Hausa tun firamare. A hankali ta riƙa bi da yatsa, tsakanin wannan ɗinki da wancan. Labarin wata yarinya ce da wanta ya tafi birni cin rani bai dawo ba, ita kuma ta fito nemansa. Abin da ya kama ta shi ne yadda marubucin ya shigar da ita cikin zuciyar yarinyar. A tasha kawai, yarinyar na zaune ba ta ce uffan ba, amma an cika shafuka da abin da take saƙawa. Da Maman Tobi ta kai ƙarshe ta juya bangon littafin tana neman saura. Yarinyar ba ta ga wanta ba. Tana tsaye bakin wata kasuwa labarin ya tsaya.

Ranar wasan ta rufe shago da la'asar ta hau bas zuwa Samaru. So take ta ga yadda za a yi da zaman tashar nan, tunda tunani ba ya ganuwa. Sai ga shi ɗaliban sun ƙirƙiro wata mai sayar da ƙosai, suka zaunar da ita kusa da yarinyar. Duk abin da yarinyar ta faɗa wa zuciyarta a littafi, yanzu mai ƙosai take faɗa wa, da ƙarfi, har na layin baya na ji. A ƙarshe kuma aka kai ta kan kabarin wan nata. Mata suka yi ta sharar hawaye. Maman Tobi ta kama hannun Naila a bakin ƙofa.

"'Yata, wa ya ce muku ya mutu?"

"Mama, ba a sallamar taro a kan ban sani ba. Mutum ya baro gida ya zauna, dole ka ba shi abin da zai tafi da shi."

Ba ta musa ba, amma ta tafi tana juya maganar.

Bayan shekara biyu masu shirya fim suka ɗauki labarin, Naila na cikinsu, ta kuma jawo Maman Tobi ta kula da sutura. A wani garejin Chikaji aka shirya tashar. Ranar da za a ɗauki wurin mai ƙosai, wadda aka bai wa aikin ba ta zo ba. Darakta ya dubi Maman Tobi, ya dubi kaskon, ya ce ta zauna.

Ta zauna, ta ware murya tana yarfa hannu kamar yadda ta gani a Samaru. Darakta ya dafe kai.

"Mama, rage! Kyamarar nan a gaban hancinki take. Ki dube ta kawai, kamar kin san wan nata amma ba za ki faɗa ba."

Ta dubi yarinyar, ta juya ƙosai. Ya ce shi ke nan. Ta yi mamaki ƙwarai, don ita a ganinta ba ta yi komai ba.

Da kaset ya fito, maƙwabta suka cika shagon. Fuskarta ta cika talabijin, kuma kallon nan ɗaya ya sa wata maƙwabciya ta ce, "Wallahi matar nan ta san inda yake!" A fim kuwa an samu wan da ransa, har da ƙatuwar mota, aka rufe da waƙa da rawa a cikin lambu.

Abin ya ƙi barin ta. Ta matsa wa Naila sai da ta kai ta gidan marubucin, Malam Abdulrahim, wani tsohon malamin makaranta a Samaru. Suka gaisa, aka kawo ruwa, ba ta ko taɓa ba.

"Malam, ku kuka haifi yarinyar nan. Ta same shi ko ba ta same shi ba?"

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Maman Tobi, ni ma abin da ya kai ni kallon wasan ke nan, na sayi kaset ɗin kuma. Inda na daina ganinta, nan na ajiye alƙalami. Ke me kika gani?"

Ta ce ita a ganinta wan yana nan, gyaran keke yake a bayan kasuwar, kunya ce ta hana shi komawa gida hannu wofi, kuma ya hango ƙanwar ya ɓuya.

Malam ya gyara zama. "Ya ɓuya? A ina?"

Sai da aka kira magariba suna wannan zance, Naila na zaune ba wanda ya tuna da ita. Daga ranar, in Malam ya shigo Sabon Gari sayen takarda sai ya biya Muchia, ya zauna kan benci ya karanta mata abin da ya rubuta. Ita kuma tana taka keke tana tare shi: "Tsaya, Malam. Wannan mutumin, da zai fito, wa ya bari a gida?"