Ranar da Baffa Ya Saurari Zuciyarsa

Lokacin da nake karatun digiri na biyu, sashenmu yana can ƙarshen ginin jami'a, inda ake haɗa ilimin lantarki da na halittu. Ɗakin gwaje-gwajenmu kullum warin dalma yake yi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. A bakin taga akwai tukwanen wake, kowane ganye da siririyar waya a maƙale, kwamfuta tana zana wani layi mai hawa da sauka duk sanda aka ba su ruwa. Nakan zauna bayan azahar in zuba wa layin nan ido har in manta inda nake, in ga kamar duwatsun Doguwa nake hange ta tagar mota.

Aikina wata 'yar na'ura ce kamar akwatin ashana, wadda ake ɗaura wa saniya a ƙirji, ta riƙa aiko da bugun zuciyarta cikin wayar hannu, don a gane ciwo tun kafin ta daina kiwo. Malamata ta ce sai na gwada ta a jikin saniya ta gaske. Na ce mata a gidanmu ba a rasa shanu.

Tsakiyar damina na sauka a Kwanar Dangora, na hau babur zuwa rugarmu da ke bayan Ba'awa. Washegari da hantsi, bayan an gama tatsa, mahaifina, wanda muke kira Baffa, ya riƙe mini farar saniyarsa na ɗaura mata na'urar. Na saƙala masa abin sauraro a kunne.

Ya kasa kunne yana sauraron bugun zuciyar saniyar. Iska tana kaɗa dawa, ana yayyafi kaɗan-kaɗan.

"Lafiyarta ƙalau," in ji shi. "Tsoronki take ji. Matsa baya."

Na matsa. Ya dafa wuyanta, ya shiga yi mata wata waƙa da Fillanci ƙasa-ƙasa, irin wadda rabona da ji tun ina ƙarama. Ina kallon fuskar wayata, layin da ke ta tsalle ya soma lafawa, ya koma tafiya a hankali kamar ruwan rafi.

Da ya gama sai ya dube ni. "'Yar nan, abin naku yana jin na mutum?"

"Yana ji, Baffa."

Ya ɗaga riga, na ɗaura masa. Ya zauna a kan turmin da aka kife, ya lumshe ido, leɓensa yana motsi.

"Ikon Allah," ya ce. "Ashe haka zuciyar nan take fama tun da aka haife ni, ban taɓa ce mata sannu ba."

Muna nan har shanun suka zame suka nufi gonar maƙwabcinmu. Inna ce ta hango su, ta ƙwala kira daga bakin bukka. Baffa ya zabura, ya cire abin sauraron ya miƙo mini, ya suri sandarsa ya bi su da na'urar a ƙirjinsa.

Na sa abin sauraron a kunnena. Ina tsaye cikin yayyafi, ina ganin hularsa tana nutsewa cikin dawa, zuciyarsa kuwa tana bugawa a kunnena da sauri, da ƙarfi, kamar ta saurayi. Na riƙa ji har ya yi nisa, sautin ya soma yankewa, sannan ya ɗauke.